Ba Ni Na Zaɓa Ba

Ɗan Maƙera:

Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'abota baiti. Kwana goma ban leƙo ba, na ga saƙonnin masu cigiya, na gode. Jikina lafiya lau, zuciya ce ba ta zauna ba. Baffannina sun je nema mani aure wani gida cikin garin Sakkwato, anka ce a dakata a yi bincike, binciken ya komo da kalma guda. Yarinyar ba ta da laifi, don Allah kada wanda ya taɓa ta ko iyayenta cikin baiti. Na aza amsa-amon "ba". Mai irin ciwona shi amsa.

Da sunan Rabbu nike farawa,
Wanda ya yi mu, Shi ka rayawa,
Shi ka ba ka, Shi ka hanawa,
Kukana gare Shi nike kaiwa,
Ban kai ƙarar kowa ba.

Maƙera Assada anka haife ni,
Ƙarar masaba ita ta raine ni,
Zuga-zugi shi ya lallashe ni,
Hayaƙin ƙirya ya san ni,
Tun ban iya kiran Inna ba.

Babana in ya zauna gun aiki,
Ƙarfe ja bakin awartaki,
Shi buga, shi juya, babu raki,
Gumi na sauka bisa walki,
Bai taɓa cin gumin wani ba.

Laujen da ka yanke shinkafa,
Gatari, galma, har da ƙofa,
Linzamin doki da likkafa,
Duk ta hannunai sunka biyo fa,
Ba su faɗo daga sama ba.

Na yi allo har na sauke,
Na yi boko, digiri na ɗauke,
Gadar Kwalkwalawa na tattake,
Dare da rana ni a farke,
Ban zauna jiran gado ba.

Baffanni sunka je neman aure,
Anka yi musu shimfiɗa a zaure,
Anka ce ku yi haƙuri ku daure,
Sai an bincika za a ɗaure,
Ba a ce musu a'a ba.

Mai bincike ya shigo shiyarmu,
Ya iske wuta ƙofar gidanmu,
Ya ga masaba hannun tsohonmu,
Ya juya, bai tambayi halinmu
Gun liman ko maƙwabta ba.

Saƙon da ya zo gajere ne:
"Ƙwarya ta bi ƙwarya, haka nan ne,
Yaron kirki, amma maƙeri ne."
Ku faɗa mani, laifin wane ne?
Ni dai ba ni na zaɓa ba.

Jikanyar Majema:

Wa alaikumus salam. Yaya, Allah shi sanyaya maka. Na karanta sau uku kafin in iya ɗaukar waya in amsa.

Yayana, share hawayenka,
Kai ba ka fara shan ɗacin ga ba.

Ni ko jikanyar majema ce,
Ban taɓa sauya asalina ba.

Ranar farko a sakandare,
Na zauna, ban ce da kowa uffan ba,

Wata ta ja kujera ta toshe hanci,
Wai ba za ta zauna kusa da jima ba.

Na yi wanka sau biyu ran nan,
Sabulu bai wanke sunan ba.

Kakana shi jiƙa fata cikin toka,
Shi kankare gashi, bai bar sili ba.

Shi daka bagaruwa shi tsoma ta,
Har ta yi laushi ba ta tsage ba.

Fatar jar akuyar Sakkwato ce,
Wadda kasuwa ba ta raina ba.

Raƙuma sun ƙetare hamada da ita,
Turai ba su san nan ta fito ba.

Sunka kira ta fatar Maroko,
Sunan majemi bai bi ta ba.

Gafakar da malam ka sa Alƙur'ani,
Ban ji ya ce tana wari ba.

Takalmin amarya, sirdin sarki,
Ba a tambayi wa ya jeme ba.

Amma kai namiji ne, Yaya,
Ba a rufe maka gari duka ba.

Gobe kana iya sallama wani zaure,
Ni mace, ba a ba ni wanga ba.

Samari biyu munka daidaita da su,
Da sunka ga ƙofarmu, ba su komo ba.

Na Kan Iyaka:

Ku bari in aza nawa, ko da ba na aure ba ne. Babana Birnin Konni ta Nijar anka haife shi, Innata ɗiyar Illela ce, ni ko Illela anka yanke mani cibi. Tsakanin garuruwan biyu 'yan mintoci ne a babur. Layin da ya raba su, Ingila da Faransa sunka ja shi, tsakanin 1906 da 1908 anka bi daji ana kafa alamunsa. Tsarin mulkin 1999 ya ce wanda anka haifa nan, in ɗaya cikin iyayensa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne. Amma takardar asalin ƙaramar hukuma, wadda ake nema wurin gurbin karatu da tallafi da aikin gwamnati, garin uba ta ka tambaya.

Na je neman takarda tun safe,
Na bi layi, ƙafafu sun kafe,
Da anka ji "Konni" fayil ya rufe,
Ban ko gama bayani ba.

In na je Konni sallar Layya,
Su ce ga ɗan Najeriya,
Nan su kira ni ɗan Jamhuriya,
Ba inda ban zama baƙo ba.

Harshe guda, alƙibla guda,
Hura guda, ludayi guda,
Kakanmu ya bar mana gona guda,
Bai san layi ya ratsa ta ba.

A 2023 anka rufe iyaka,
Ciwon ajali ya kama kaka,
Na zagaya daji, ruwa da laka,
Ban iske jana'iza ba.

Bagobiri:

Allah shi jiƙan kaka, shi sa ta huta.

Ni tawa takardar a fuska take,
Ruwa bai taɓa wanke ta ba.

Wanzami ya sa aska ina jinjiri,
Ba a nemi shawarata ba.

Alkalawa ta faɗi tun 1808,
Tsagar ba ta faɗi da ita ba.

Sabon Birni ina taƙama da ita,
A Legas ba su jira in faɗi suna ba.

Ɗiyana huɗu fuska sumul,
Kakarsu har yau ba ta yafe ba.

Jikan Hakimi:

Ɗan Maƙera, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba don in fama maka ciwo ba ne. Ni daga irin gidajen da ke aika mai bincike na fito.

Kun hango zaure da fadawa,
Da doki da masu gaisuwa,
Ba ku ga yaron da ke leƙowa,
Yana son fita ana hanawa,
Shi ma ba shi ya zaɓa ba.

Tun ina yaro inji ya kama ni,
Na bi gareji, bakanike ya karɓe ni,
Kwana uku, labari ya riga ni,
Baba ya sa aka zo aka ɗauke ni,
Bai ko ɗaga murya ba.

Ya ce, "Jikan wane ƙarƙashin mota?
Wace fuska zan je fada da ita?"
Yau ga ni ofis ina rubuta
Abin da zuciya ba ta buƙata,
Shekara tara ban ji daɗi ba.

Shi bincike, iyaye suka gada,
Aure gida biyu yake haɗa,
Suna tsoron gori da faɗa,
Bayan an watse daga guɗa,
Ba ƙiyayya ce zalla ba.

Jikanyar Majema:

Ranka ya daɗe, na ji kukanka,
Ban ce ƙarya kake yi ba.

Amma kai takalmi ya matse ka,
Mu ba a ba mu takalmin ba.

Ran da ka aika neman aure,
Ba a zo shinshinar gidanku ba.

Gorin da iyaye ka jin tsoro,
Su ka yin shi, ba iska ta kawo ba.

Jikan Hakimi:

Ƙanwata, kin auna, mudu ya cika,
Ban ga abin da zan rage ba.

Baƙon Zaure:

Na daɗe ina karanta ku, ban taɓa rubutu ba. Yau ma suna na sauya kafin in shigo. Ku masu sana'a ko ba komi kuna da abin nunawa, ga lauje, ga fata. Ni abin da anka bar mani kalma ce: bawa. Kakan babana kamo shi anka yi yana yaro, ya girma a rinji yana noman gonar wani. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, dokarsu ta ce duk wanda anka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, a 1936 kuma anka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Ke nan kakana ɗa anka haife shi, babana ɗa, ni ɗa. Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana a tauye mutum saboda yadda anka haife shi. Na san duk wannan, kuma ga abin da ya same ni.

Ranar sunan ɗana na fari,
Ban taɓa murna irin tata ba.

Anka raɗa suna, anka shafa,
Ba a ko gama rabon goro ba,

Wani dattijo ya ce yana dariya,
"Garkenmu bai daina ƙaruwa ba."

Zaure ya ɗauka, har ni ciki,
Don ban san yadda za ni ƙi ba.

Na shiga ɗaki na ɗau jinjiri,
Kwana bakwai, bai san komi ba.

Bai san dama da hauni ba tukun,
An rataya mashi abin da bai saya ba.

Garin da anka ɗauko tsohonmu,
Har ya mutu bai faɗa wa kowa ba.

Harshen da uwa tai ta yi mashi reno,
Ko kalma ba ta iso gare mu ba.

Jikan mai saye yana barci nai,
Jikan wanda anka saya bai huta ba.

Jikan Hakimi:

Innalillahi. Ɗan uwa, wannan wasan ana yin shi a zaurenmu, kuma na sha yin dariya tare da masu yi. Ban taɓa bin kowa ɗaki na ga fuskarsa bayan an watse ba. Ka yafe mani nawa kason. Manya ba ni da iko da bakinsu, amma ƙannena da 'ya'yana ina da shi, kuma daga yau ba za a sake yi a gabana ina zaune ba.

'Yar Asibiti:

Ana ta zancen jini, to ni nawa a jinin yake na gaske. Babana AS ne, Innata AS, ba su sani ba. Irin wannan haɗi, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da amosanin jini. Ni ce na zo da shi.

Sanyin hunturu in ya sauko,
Ƙashina bai bar ni barci ba.

Jarrabawa biyu ta wuce ina kwance,
Ba don ban yi karatu ba.

An binciki Baba har kakan kaka,
Ba a kai jininsu awo ba.

Binciken da zai hana kukana,
Shi ne ran nan ba a yi ba.

Tsohon Almajiri:

Assalamu alaikum, 'ya'yana. Idona ya yi rauni, jikana ne ya karanta mani baitocinku bayan Isha'i, shi ne kuma ke rubuta abin da nike faɗa.

Ku buɗe Hujurati, aya ta 13,
Ba ta bar wa mai gori hujja ba.

An yi mu dangi-dangi mu san juna,
Ba a ce mu raina juna ba.

Mafi girma shi ne mafi taƙawa,
Ba a ce mafi tsawon asali ba.

Annabi Dawuda ƙarfe ya sarrafa,
Sulke ya ƙera, bai ji kunya ba.

Zakariyya itace yake sassaƙa,
Bai rage masa annabci ba.

Zainabu 'yar Jahshi, uwar muminai,
Jima take, ba ta ɓoye hannu ba.

Ta sayar ta yi sadaka da kuɗin,
Ɗiyata, ba ki gaji abin kunya ba.

Abu Hindu mai yin ƙaho ne,
Manzo bai ce a guje shi ba.

Ya ce Banu Bayada su ba shi aure,
Su ma su nema gidansa, bai ware ba.

Bilalu an saye shi an 'yanta,
Ran buɗe Makka bai koma baya ba.

Shi ya hau Ka'aba ya yi kiran salla,
Ba ɗan manyan Ƙuraishu ba.

A mazhabar Imamu Malik da muke bi, abin dubawa wajen dacewar miji shi ne addininsa da kuɓutarsa daga aibobin da ka ɓata aure. Sana'ar kakansa ba ta cikin sharaɗi. Wannan na san shi tun ina saurayi, na karantar da shi a zaure ba sau ɗaya ba.

To ku saurara. Shekara 22 da sunka wuce, wani yaro ɗan Rundawa ya nemi ɗiyata. Almajirina ne, shi ka jan salla in ba ni nan, in na ba shi ajiya ba ni ƙidayawa. 'Yan uwana sunka taru sunka ce jikar malamai ba ta shiga gidan fawa. Na duƙar da kai na yi shiru, shirun nan ya zama amsata. Na ba da ita ga mai asali, auren bai kai shekara 3 ba ta komo da goyo. Shi ko yaron har yau in ya hango ni cikin kasuwa sai ya aje wuƙa ya wanke hannu ya zo ya durƙusa, kuma bai taɓa tada zancen ba.

Ilimi yana bakina ran nan,
Bai sauka cikin ƙirjina ba.

Na ji tsoron bakin dangi,
Ban ji tsoron Mai dangin ba.

Ɗan Maƙera, in baffanka ya yarda,
Ban tsufa da taka zaure ba.

Zan bi su mu koma mu yi sallama,
Ban ce lalle za a ba mu ba.

Abin da na kasa faɗa gidana,
Ba ni so in mutu ban faɗe shi ba.

Jikanyar Majema:

Allah gafarta Malam, Allah shi ƙara lafiya. Zancen Nana Zainabu ban taɓa jin shi ba sai yau, yanzu zan je in faɗa wa Inna. Ita kullum labarin da take ba mu na Nana Asma'u ɗiyar Shehu ne, wadda ta rasu a 1864, yadda take naɗa jajoji ta aza musu malfa su shiga ƙauyuka suna kai wa mata karatu. Da shi ta hana a cire ni makaranta.

Baba Malam, in ka shiga zauren nan,
Ka tuna ba shi kaɗai ka wakilta ba.

Ɗan Maƙera:

Allah gafarta Malam, ban san da wane baki zan gode ba. Baƙon Zaure, ɗanka ɗanmu ne, Allah shi raya shi. Akwai abin da na ɓoye muku tun farko, ga shi.

Kwana goma na ƙaurace wa ƙira,
In na ji masaba sai in ƙara
Nisa da gida, har Baba ya lura,
Ya yi shiru nai yana jira,
Bai tambaye ni dalili ba.

Yau da safe na iske shi,
Ba mai zuga, tari na cin shi,
Na zauna na kama zuga-zugin shi,
Ya dube ni, na dube shi,
Ba mu ce da juna komi ba.

Lauje shida munka gama tare,
Na karanta mashi baitocinku a zaure,
Ya ce, "Kira baffanka da dare,
In an ba mu, Allah shi sa a ɗaure,
In an hana, ba mu yi sata ba."

Tsohon Almajiri:

Madalla da tsohonka, ka gaishe mani shi. Ka aiko wa jikana lambar baffanka ta saƙon sirri. Jumma'a in Allah ya kai mu, bayan La'asar, su iske ni ƙofar Masallacin Shehu. Su zo da abin hawa, ƙafata ba ta kai ni nesa.